Nazarin Lamari: Haɗarin Mota a Ƙirjin da Aka Taɓa Buɗewa

Wannan bayanin wani majinyaci ne da na kula da shi tare da abokan aikina a garin Gombe. Na sakaya sunansa da sunayen asibitocin da ya bi. Ina cikin waɗanda suka rubuta masa magani a daren da ya zo mana, saboda haka kuskuren da za a gani a ciki har da hannuna.

## Kafin haɗarin

Dattijo ne ɗan shekara 61, ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi. Sana'arsa bin kasuwannin ƙauye yana sayo masara da wake da gero. Ya shekara 14 da ciwon suga, ga hawan jini. Shekara 7 kafin haɗarin ya fara jin ƙirjinsa na matsewa in ya taka zuwa masallaci da sauri. Gwaji ya nuna manyan jijiyoyi uku da ke ciyar da naman zuciyarsa sun toshe. 'Ya'yansa da abokan kasuwa suka haɗa kuɗi aka kai shi Indiya aka yi masa aikin baifas.

Duk ɗan Gombe ya san titin baifas: mota ta kauce wa cunkoson cikin gari ta bi ta gefe. Haka aikin yake. Likita ba ya kwashe abin da ya toshe jijiya, sabuwar hanya yake haɗa wa jini ta tsallake wurin. René Favaloro, likita ɗan Ajantina, shi ya shahara da yin sa da jijiyar ƙafa a Cleveland ta Amurka a 1967. Hanya uku aka yi wa Alhaji. Ɗaya da jijiyar da ke bin bayan ƙashin ƙirji ta hagu, aka karkato ta zuwa gaban zuciya. Biyu kuma da jijiyar da aka zare daga ƙafarsa, guda zuwa gefen hagu, guda ta bi ta dama zuwa ƙasan zuciya.

Ƙirjin da aka yi wa wannan aiki ba ya komawa yadda yake. Ana tsaga ƙashin tsakiya ne a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe, kuma wayoyin suna nan har abada. Jakar da ta lulluɓe zuciya, wadda a lafiyayyen mutum ruwan cikinta bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba kuma zuciya ke santsi a cikinta, sau da yawa a buɗe ake barin ta. Daga baya tabo ya manne zuciyar da abin da ke kewaye da ita, har da bayan ƙashi. Jijiyar ƙafa kuma tana tsufa da wuri a sabon muhallinta, domin ba a halicce ta don ɗaukar ƙarfin jinin da ke fitowa daga zuciya ba. Kusan rabin irinta kan ƙuntace ko ta toshe cikin shekara 10, alhali ta bayan ƙashin ƙirji fiye da kashi 90 cikin 100 takan kai hakan a buɗe.

Kullum yana shan asfirin miligiram 75, da bisoprolol mai rage gudun zuciya miligiram 5, da maganin kitsen jini, da metformin na suga. Ba ya fashi, Hajiya ce ke ba shi da hannunta bayan sallar asuba. Bel ɗin mota ne kawai ya daina ɗaurawa tun dawowarsa, wai yana gurzar masa tabon.

## Rana ta 1: hanyar Dukku

Cikin hunturu ne, bayan la'asar, yana dawowa daga Dukku da a-kori-kura cike da buhunan wake, shi ke tuƙi. Shanu suka ɓullo daga cikin ƙura, ya kauce, motar ta daki kwalbati. Ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Bai suma ba, da ƙafarsa ya fito, har yana umartar yaron motarsa ya tattara buhunan da suka zube.

An kai shi wani ƙaramin asibiti a kan hanya. Awon jininsa 130 bisa 80, bugun zuciya 76 a minti, iskar jini kashi 96. Hoton ƙirji ya nuna haƙarƙari biyu na dama sun karye, na 4 da na 5, kuma waya ɗaya daga cikin shida ta tsinke. Babu na'urar ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, a wurin. Ma'aikacin jinyar da ya ga dogon tabon ya tambaya, babban ɗansa ya ce, "Aikin zuciya ne aka yi wa Baba a Indiya, amma an daɗe, ya warke sarai." Aka yi masa allurar dikulofenak miligiram 75, aka ba shi ƙwayoyinsa, aka ce ya dawo in ya ji wani abu. Kafin isha'i yana gida.

## Rana ta 2 da ta 3: a gida

Zaure ya cika da masu jaje. Aka kira maɗori, ya shafa mai, ya gasa wurin da ruwan zafi, ya naɗe ƙirjin tamau da ƙyalle. Alhaji ya ci gaba da asfirinsa, ga dikulofenak safe da yamma, wani ɗan'uwa kuma ya ƙaro masa ibuprofen daga kemis da ya ga ciwon bai lafa ba. Dukkansu ukun suna rage wa jini saurin daskarewa, biyun na ƙarshe kuma suna wahalar da ƙoda.

A daren rana ta 3 ya kasa kwanciya, a jingine da bango ya kwana. Sallah a zaune. Ya ce wa Hajiya zuciyarsa na fizga kamar kazar da aka riƙe wa ƙafa. Da asuba ya tashi zai yi alwala, buta a hannunsa, jiri ya kwashe shi ya zube a tsakar gida.

## Rana ta 4: zuwansa wurinmu

Ya iso yana gumi duk da sanyin hunturu. Awon jini 104 bisa 70, bugun zuciya 98 kuma ba a jere ba, iskar jini kashi 93, PCV, wato awon yawan jini a jiki, kashi 34. Jijiyoyin wuyansa sun cika sun tashi. Awon ƙoda, wato kiriyatinin, ya kai 140. ECG ya nuna ɗakunan saman zuciya na kaɗawa barkatai, da kuma alamar mataccen nama a ƙasan zuciya. Turoponin, sinadarin da ke fita cikin jini idan naman zuciya ya ji rauni, ya hau. Muka ɗora na'urar eko, mai nuna hoton zuciya tana motsi, a gaban ƙirjinsa. Zafin karaya ya hana shi juyawa, hoton bai fita da kyau ba. Ba mu ga ruwa a gaban zuciya ba, mun dai ga ɗakin ƙasa na dama ba ya matsawa da ƙarfi. Wannan ɗakin shi ke kwance daf da bayan ƙashin ƙirji, shi ya sa ya fi kowane sashe shan duka a haɗarin sitiyari.

Tunaninmu ya tsaya a kan abu biyu: ko naman zuciyar ne ya ƙuje, ko ɗaya daga cikin hanyoyin baifas ta toshe ya samu bugun zuciya, kuma a kowanne hali zuciyar ta fara gazawa. Muka cire ƙyallen maɗori, muka tsayar da dikulofenak da ibuprofen da metformin, muka sa masa iska. Aka yi masa allurar Lasix miligiram 40 don a rage ruwan jiki, ni kuma na rubuta Clexane miligiram 60 sau biyu a rana, maganin tsinka jini da ake ba mai toshewar jijiyar zuciya. An kawo maganar allurar narkar da gudan jini, babbanmu ya ce a'a: ba a yi wa wanda ya yi haɗari kwana uku da suka wuce.

## Rana ta 5: maganin ya ƙara masa ciwo

Bayan Lasix na biyu da Clexane na biyu, awon jini ya faɗi zuwa 84 bisa 58. Bugun zuciya 112. Fitsarin da ya yi cikin awa 12 bai kai mililita 200 ba. PCV ya sauko kashi 27. Hannayensa sun yi sanyi, yana amsa gaisuwa da ƙyar.

Na tsaya a gefen gadon na daɗe ina sauraren bayansa. Babu ƙarar ruwa a huhu. Ga jijiyoyin wuya a cike har kusa da kunne, ga awon jini a ƙasa, ga jini na raguwa ba tare da mun ga inda yake fita ba. Gazawar zuciya irin wadda muke yi wa magani ba ta zuwa da wannan siffa. Muka tsayar da magungunan biyu, muka ɗura masa ruwan gishiri mililita 500. Cikin minti 40 awon jini ya koma 98 bisa 64. Zuciyar da ruwa ya yi wa yawa ba ta jin daɗin ƙarin ruwa, tasa kuwa ta ji. Ke nan wani abu ne ke hana jini shiga cikinta.

Da hantsi Hajiya ta same ni a bakin ɗaki riƙe da wata baƙar leda, an naɗe ta an sake naɗewa. Ta ce, "Likita, ga takardun Alhaji na Indiya. A ƙasan kwalla nake ajiye su. Ban sani ba ko za su yi muku amfani." Na ce, "Hajiya, kawo mu gani." Takardun sun yi ja a gefe, suna ƙanshin turaren wuta. A ciki akwai ECG na ranar da aka sallame shi, da bayanin aikin, da wani zane da likitan ya yi da biro na zuciya da hanyoyi ukun.

Na shimfiɗa tsohon ECG kusa da sabon a kan tebur. Alamar mataccen naman da ta sa na rubuta Clexane tana nan daram a takardar shekara 7 da suka wuce, tsohon tabo ne ashe. Bayanin aikin ya ce an bar jakar zuciya a buɗe. Zanen kuma ya nuna jijiyar ƙafa ɗaya ta zagaya ta gefen ɗakin sama na dama, daidai ƙarƙashin haƙarƙarin da suka karye.

Muka ba shi maganin zafi sosai, muka sake ɗora eko, wannan karon daga ƙasan haƙarƙari da kuma gefen dama. Sai ga wani dunƙule ya danne ɗakin sama na dama har ya kusa shafe shi. Hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, da ruwan allura mai haska jijiyoyi yana da haɗari ga ƙodar da ta riga ta jigata, mun gaya wa iyalin haka, suka amince. Hoton ya nuna taron jini mai santimita 7 da 5 a gefen zuciya, ruwan allurar na tsiyaya cikinsa daga tsakiyar jijiyar ƙafar. Akwai kuma 'yar iska da ta taru tsakanin huhun dama da bangon ƙirji.

Wannan ya warware abin da ya ɗaure mana kai. A zuciyar da ba a taɓa ba, jini in ya zuba yakan zagaye ta duka, mililita 150 zuwa 200 in sun taru da sauri sun isa su shaƙe ta, kuma eko na ganinsa nan take daga gaba. A tasa, tabo ya rarraba wurin ɗaki-ɗaki. Jinin ya samu lungu ɗaya ya taru a hankali, ya daskare, ya danna sashe ɗaya kawai. Tabon ne ya hana shi zubar da jininsa duka a kan hanyar Dukku, shi ne kuma ya ɓoye mana ciwon.

Wani ya kawo shawarar a soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirji a zuƙe jinin, kamar yadda aka saba. Ba mu yi ba. Daskararren jini ba ya bin allura, wurin ba ya kan hanyarta, kuma ko da an rage shi, matsinsa ne ke toshe ɓular. 'Ya'yansa biyu suka ba da jini, aka ƙara masa leda biyu.

## Rana ta 6: tafiya Abuja

Da daddare iyali suka zauna. Wasu suka ce a mayar da shi Indiya wurin waɗanda suka yi aikin. Na ce wa babban ɗan, "Malam, Baba ba shi da kwanakin jiran biza." Jirgin sama ma bai dace ba ko zuwa Abuja, domin iskar da ta taru a ƙirji tana kumbura idan an yi sama. Muka yi waya da wani asibiti a Abuja mai ɗakin aikin jijiyoyin zuciya da likitan tiyatar ƙirji, muka tura musu hotunan CT da na takardun Indiya, suka ce a kawo shi.

Motar asibiti ta tashi bayan sallar asuba da likita ɗaya, da ma'aikaciyar jinya, da tukunyar iska biyu, da ledar jini a cikin kula. Ta Bauchi, ta Jos, ta Akwanga, awa 10. Gab da Jos awon jini ya faɗi 80 bisa 50, aka tsaya a gefen titi aka ɗaura leda ta uku.

## Rana ta 7 zuwa ta 19: gyara

An zura siririn bututu ta jijiyar matsematsinsa har zuwa zuciya. Jijiyar bayan ƙashin ƙirji tana aiki lafiya lau. Jijiyar ƙafa ta hagu ta daɗe da toshewa ba tare da ya sani ba, ƙananan jijiyoyi sun maye gurbinta. Ta dama ce ta tsage.

Hanya uku ke gabansu. Su sake tsaga ƙashin ƙirji su ɗinke, amma zuciyar da jijiyar da ta fi kowacce muhimmanci suna manne da bayan ƙashin, zarto na iya yanka su. Ko su toshe jijiyar da ta tsage gaba ɗaya, amma asalin jijiyar da ta maye gurbinta a toshe take, ƙasan zuciya zai rasa jini. Ko su sa mata ɗan bututun raga mai rufi daga ciki, ya liƙe tsagar, jini ya ci gaba da wucewa. Na ukun suka yi, kuma tsiyayar ta tsaya a take.

Sai dai awon jini bai wuce 95 bisa 60 ba, fitsari bai ƙaru ba, domin gudan jinin na nan yana dannawa. A rana ta 9 aka yi ɗan yanka tsakanin haƙarƙarin dama, ba tare da an taɓa tsohon tabo ba, aka kwashe daskararren jini kimanin mililita 350, aka bar robar tsiyaya. Kafin dare awon jini ya kai 118 bisa 74.

Daga nan sai wata tsaka mai wuya. Bututun raga yana buƙatar asfirin tare da clopidogrel, wani maganin hana jini daskarewa, in ba haka ba ya toshe. Mutumin kuma jiya-jiya ya gama zubar da jini. Sun bar shi a kan asfirin, suka jira robar ta daina kawo jini, sannan suka ƙara na biyun. Kaɗawar zuciya ta daidaita a rana ta 11 da amiodarone. Kiriyatinin ya kai 290 a rana ta 10 sannan ya fara sauka, ba a kai ga wankin ƙoda ba. Ya yi zazzaɓin ciwon huhu a ƙasan dama, inda ɗaurin ƙyalle da zafin karaya suka hana numfashi isa, aka yi masa maganin ƙwayoyin cuta na kwana 7. An sallame shi a rana ta 19 da PCV 33 da kiriyatinin 130, yana allurar insulin a madadin metformin.

## Wata 6 bayan haka

Yana zuwa ganinmu a Gombe. A mako na 6 yana zagaya tsakar gida. A wata na 3 ya koma jam'i, ƙodar ta daidaita, aka mayar da shi kan metformin. A wata na 6 eko ya nuna ƙarfin matsawar zuciya kashi 45, a takardar Indiya kashi 50 ne. Babu sabon taron jini. Wayar da ta tsinke an bar ta, ƙashin ya riga ya haɗe tuntuni. Iyalin sun sayar da fili ɗaya don biyan kuɗin Abuja. Ya koma rumfarsa amma ya bar yawon kasuwannin ƙauye ga 'ya'yansa.

## Abin da ya gaza, da abin da ya yi aiki

A ganina an rasa dama ta farko tun ranar haɗarin. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk wanda ƙirjinsa ya sha irin wannan duka a yi masa ECG da turoponin, kuma sai dukansu sun fita lafiya ake cewa zuciya ta tsira. Ƙaramin asibiti ba shi da laifin rashin na'ura, amma dogon tabo a tsakiyar ƙirji, da waya tsinkakkiya, da asfirin a jiki sun isa su sa a tura mutum gaba a daren maimakon gida. Bugun zuciya 76 ma bai kamata ya kwantar da hankali ba, domin aikin bisoprolol shi ne hana zuciya gudu, ko da jini na zuba. Dikulofenak kuwa ba maganin mai ciwon jijiyar zuciya ba ne ko babu haɗari.

Namu kuskuren ya fi wannan nauyi, domin muna da kayan aiki. Mun ga tabon, sai ya ja tunaninmu zuwa toshewar jijiya, muka manta cewa jijiyar da ke iya toshewa tana iya tsagewa. Hawan turoponin yana cewa naman zuciya ya ji rauni ne kawai, ba ya faɗin dalili. Mun karanta ECG ba tare da tsohonsa ba, muka ɗauki eko guda da bai fita da kyau ba a matsayin shaidar babu jini. A kan waɗannan na ba mai zubar jini maganin tsinka jini, muka kuma janye ruwan da ke taimaka wa zuciyar da aka danne ta cika. Har yau abin yana damuna, musamman da yake ba mu tambayi iyalin takardun aikin ba, Hajiya ce ta kawo don kanta.

Abin da ya juya lamarin shi ne tsayawa da aka yi a rana ta 5 da aka ga magani na ƙara ciwo, da ƙin yin allurar narkar da jini, da ƙin soka allura a makance, da kuma zanen biro da ya nuna mana inda za mu ɗora eko. A Abuja kuma an bi tsarin da ya dace: aka fara toshe ɓula, sannan aka kwashe jinin, aka kauce wa tsohon ƙashi.

Lamarin bai rufe ba tukuna. Bututu mai rufi a cikin tsohuwar jijiyar ƙafa ya fi sauran saurin toshewa, kuma hanya biyu kawai suka rage masa cikin uku. Zai sha clopidogrel aƙalla shekara ɗaya, muna duba PCV ɗinsa duk wata biyu. Mun ɗauki hoton tsohon ECG da zanen da jerin magungunansa muka sa a wayar 'ya'yansa uku, kwafi ɗaya kuma yana aljihun gaban motar. Yanzu ƙaramin ɗansa ke tuƙa shi zuwa Tudun Hatsi, yana ɗaura bel da ɗan tawul a ninke a kan tabon.